Aron Ƙyauren Babban Gida

Ranar da Pola ta ce a Babban Gida take so a yi walimar aurenta, muna kan cin abinci ne da Baba. Ya shanye romonsa, ya suɗe kwanon da guntun burodi, ya ɗauki hularsa ya nufi wajen shanu. Ni da na haura shekara hamsin ina 'yarsa, na san irin wannan tashin. Na dubi Pola na ce, "To, kin taɓo mana."

"Me na yi, Goggo?"

"Ci abincinki."

Pola 'yar ƙanena ce, Leszek, wanda ya rasu tun ba ta shiga makaranta ba. Uwarta ta tafi Ireland neman aiki, ta sami aikin ta haɗa da miji, tun daga nan sai katin gaisuwa duk Kirsimeti. Ni Lucyna da Baba muka raine ta. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, Apolonia, amma bakinsa bai taɓa iya kiran sunan ba. Pola yake ce mata, in kuma ta ɓata masa rai ya ce "ke yarinya."

Abin haushin, saboda shi ta zaɓi wurin. Dangin angon, Tymon, mutanen birni ne, uwarsa Pani Marzena kuma (Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan) ta so a yi a wani otal a Lublin mai fitilu kamar kantin gwal. Pola ta ce a'a, Kakanta ba ya kwana nesa da shanunsa. A ƙauyenmu kuwa wurin taro biyu ne: zauren 'yan kwana-kwana, inda kowa ya yi nasa bikin har da ni, sai Babban Gida. Pani Marzena ta leƙa zauren sau ɗaya, ta ga tiyo da bokitai a rataye, ta ce kanta na ciwo.

Babban Gida na can bayan tafki. Na masu ƙasar nan ne a da, lokacin da duk gonar da ido ke iya gani tasu ce, mutanen ƙauye kuma 'yan ƙodagonsu. Da yaƙi ya zo ƙarshe suka gudu, gwamnati ta karɓe. Ya yi ofishin gonar gwamnati, ya yi makaranta, ni kaina a ɗakin rawarsu na koyi lissafi, daga baya ya koma ma'ajiyar takin zamani. Sai ga jikan masu gidan, Pan Ksawery, ya dawo daga Kanada da furfura da burin gyara. Ya saye gidan kakansa, ya ɗinke rufi, ya kori tantabaru, ya fara ba masu biki haya.

Akwai abin da ba wanda ya gaya masa. Tsakanin gudun masu gida da zuwan gwamnati an sami 'yar tazara, mutanen ƙauyenmu kuwa ba sa son ganin kaya ba mai kula da su. Kujerun da ke gidan maƙwabciyarmu Genowefa daga can suke. Madubin mai aski daga can yake. Agogon da ke ɗakin limamin cocinmu ma ba daga sama ya faɗo ba. Ba a kiran wannan sata a wurinmu, ajiya ake cewa.

Kakata Apolonia ba ta ɗauki kujera ba, ba ta ɗauki cokali ba. Ita ce mai wanki da goge-goge a gidan. Duk Asabar a durƙushe take wanke ƙyauren gaba, ta goge mariƙinsa na tagulla har ta ga fuskarta a ciki, sannan ta ɗauki bokitinta ta zagaya ta shiga ta kicin, don ƙofar gaba ba ta irinta ba ce. Ranar da keken dokin gidan ya danne mijinta a gona, ta rugo a ruɗe ta buga ƙofar gaban. Aka buɗe, aka dube ta sama da ƙasa, aka ce ta zagaya ta baya. Ta zagaya. Kafin a sami mai saurarenta, mutumin ya cika. To da ranar ajiya ta zo, kowa na kinkimar kujeru, ita sai ta zo da amalanke ta sa aka ɓalle mata ƙyauren, duka gefen biyu, ta kawo ta rataya a ɗakin shanunta. Tun daga ranar shanunmu ke shiga ta ƙofar manya safe da yamma, ba mai ce musu su zagaya.

Mun je ganin wurin mu huɗu: ni, Pola, Tymon da uwarsa. Gaban gidan da kyau, ba zan yi ƙarya ba, ginshiƙai farare da matakala mai faɗi. Sai dai inda ya kamata a ga ƙofa, katakai ne aka buga aka shafe da fenti. Pan Ksawery ya ja mu ta gefe, muka sunkuya muka shiga ta wata 'yar ƙofa mai dakali a gabanta.

"Nan ne wurin tarbar baƙi," in ji shi.

Kicin ne. An sa furanni da kafet, amma ga ƙugiyoyin rataya nama nan a sama.

Ya ce ofishin kula da tsofaffin gine-gine ya hana shi sa sabuwar ƙofa a gaba. Ko dai ta asali, ko wadda aka sassaƙa daidai da ita, shi kuwa ko hotonta ba shi da shi. Abin da ya sani kawai, kakarsa ta ce baƙin katako ne, da tambarin gidan a jiki, takalmin doki da tauraro.

Pani Marzena ta dafe ƙirji. "Kash! Wane marar tsoron Allah ne zai sace ƙofa?"

Na ɗaga kai ina duban ƙugiyoyi. Na ce, "Zamanin yaƙi ne, Pani. Abubuwa sun yi ta ɓacewa."

Tymon, yaron kirki ne amma ba ya gane lokacin yin shiru, ya ce, "Takalmin doki da tauraro? Ai kamar na taɓa gani a..."

Pola ta take masa ƙafa. Ya ce a talabijin ya gani.

Sauran gidan ya yi wa Pani Marzena. Ta yaba tagogi, ta yaba tafkin da agwagi, ta tambaya ko za a iya hana agwagin kuka lokacin jawabi. Pola ta tsaya a tsakiyar ɗakin rawa tana kallon sama, na ga idonta, na san an gama magana. Kafin mu fito an tsayar da rana.

Da yamma muna cin dankali da madara mai tsami, Baba ya buɗe baki ba tare da ya ɗago ba.

"Ta wace ƙofa za ki shiga?"

"Ta gefe, Kaka."

"Ta kicin."

"Yanzu ba kicin ba ne, wurin tarbar baƙi ake cewa."

"Da dakali a gabanta?"

"Da shi."

"A kansa nake zama in jira uwata ta gama wanke musu tukwane." Ya ajiye cokali. "Ku yi bikinku lafiya. Ni coci zan je, in ga an ɗaura, in dawo wajen shanuna."

"Kaka, don kai fa na ƙi Lublin!"

"Ban aike ki ba."

Shi ke nan aka shiga zaman doya da manja. Jini ɗaya ne, taurin kai ɗaya. Ta ce masa ina kwana, ya ce wa kare lafiya lau. Ta ajiye masa shayi, ya bari ya huce sannan ya sha, don kar a ce ya ji daɗinsa. Ni ce a tsakiya, ni ce ɗan aike a gidan da bai wuce ɗaki uku ba. "Gaya wa yarinyar nan ta rufe taga." "Goggo, ce wa Kaka maganinsa na kan tebur." Kai, na gaji har na fara ba kaji labari.

Wata safiya na same shi yana tatsa, na tsaya a bakin ɗakin shanun, na dafa ƙyauren. Na ce, "Baba, maganin abin nan fa ga shi a hannuna."

"Ɗauke hannunki."

"Rana ɗaya ce."

"Na uwata ne. Da guminta ta saye shi."

"Ita ma yarinyar sunan uwar taka gare ta."

Ya ci gaba da tatsa kamar da saniyar nake. Na yi tsaki na fita, na rantse ba zan ƙara sa baki ba, na kuma ƙara sa baki sau da yawa ba amfani.

Maganar burodi ce ta karya shi. A wurinmu, in an taso daga coci, iyayen amarya ne ke tsayawa daga cikin ƙofar gidan biki da burodi da gishiri a kan faranti, su tarbi ango da amarya a matsayin masu gida. Ba a shiga sai an yi wannan. Pani Marzena ta bugo waya tana tambayar wa zai riƙe farantin ta ɓangarenmu, ko ita da mijinta su yi su kaɗai. Pola na tsaye a tsakar ɗaki da wayar, Baba na ɗaure takalmi a bakin ƙofa.

"A bar maganar burodin kawai, Pani," in ji Pola, muryarta ko rawa ba ta yi. "Ai mai iyaye ake yi wa. Ni dama marainiya ce."

Baba ya tsaya da igiyar takalmi a hannu. Na ga wuyansa ya yi ja. Ya fita da takalmi ɗaya a kwance. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukana, don maganar ta soke ni ni ma, shekara ashirin ina yi wa yarinyar nan kitso.

Washegari ƙarar guduma ce ta tashe ni. Na leƙa, ga Baba da tarakta, ya sa mazan maƙwabta sun sauke ƙyauren kan tirela, ya shimfiɗa masa bargon gadonsa. Shanu na tsaye suna kallon ɗakinsu a wangale.

Kafin ya tada inji Genowefa ta iso da ɗankwali a karkace.

"Hipolit, ka haukace ne? In ya ga ƙofa ai kujeru zai tambaya! A bar kaza cikin gashinta mana!"

"Ki zauna a kansu, ba zai gani ba."

"Duka?"

"Allah ya hore miki wurin zama, Genowefa."

Ta bi mu da zagi har bakin tafki. Duk gidan da muka wuce labule na motsi. Aka ce a ranar mai aski ya juya madubinsa ya fuskanci bango.

Pan Ksawery na ban ruwa ga furanni muka tsaya a gaban matakala. Baba ya sauko, ya yaye bargon. Mutumin ya saki tiyo, ruwa na zuba a takalminsa bai sani ba. Ya matso ya sa yatsa a kan takalmin dokin, ya bi tauraron a hankali. Ƙasan ƙyauren duk sawun ƙaho ne, warin shanu kuwa ko mai mura zai ji.

"Pan Hipolit," in ji shi, "a ina..."

"A ajiye."

"A ajiye."

Baba ya ce, "Aro na kawo maka. Jikata za ta shiga ta nan ranar Asabar ɗin bikinta."

Pan Ksawery ya dubi Baba, ya dubi ƙyauren, ya shaƙi iska ya fahimci abin da ya fahimta. Na shirya bakina tsaf, in ya ce sata in tuna masa keken dokin kakansa. Sai ya ce, "An kula da shi."

"Duk shekara ana shafa masa mai. Naku ba su taɓa shafawa ba, uwata ce ke yi."

"Yaya sunanta?"

Baba ya gyara hula. "Ba ku tambaya ba tana da rai," ya ce, ya juya yana kwance igiya.

Mutumin bai yi fushi ba, ya cire kwat ya kama gefe ɗaya. Aka ɓalle katakan fenti, ƙyauren ya zauna a mazauninsa kamar jiya aka cire shi. Mutumin ofishin gine-gine ya zo ya duba ya amince. Pani Marzena ta zo ta shafa sawun ƙahon ta ce lallai ƙofar nan ta ga yaƙi. Na ce ƙwarai, kullum da yamma. Baba dai bai taka matakalar ba, daga ƙasa ya tsaya yana ba da umarni. Da ya koma gida ya buga wa shanu buhuna a ƙofa, ya ce wa Pola ta gasa burodi mai kyau ko ta bari Goggonta ta yi. Wannan ce maganar farko da ya yi mata kai tsaye tun ranar dankali.

Ranar biki aka ɗaura a coci, ango da amarya suka tsaya a hanya, don samarin ƙauye sun tare titi da igiya sai an ba su kwalabe, kamar yadda aka saba. Mu muka riga su isa Babban Gida. Baba na cikin baƙar kwat ɗin da ya sa ranar binne Mama, farantin burodi a hannunsa, an yi rami a tsakiyar burodin an zuba gishiri. Ƙofar gaba a rufe, mariƙin tagulla na walƙiya, don shi ya goge shi da kansa ya ba ni na kawo aka ɗaura. Baƙi sun cika farfajiya, rabi 'yan birni, rabi namu.

Sai mai hoton da dangin ango suka ɗauko daga Lublin ya taso da kyamarori a wuya. Yana so a bar ƙofar a rufe har amarya ta iso, a buɗe ta gaba ɗaya, a ga iyaye a tsaye daga ciki. Iyayen Tymon tuni sun bi ta gefe sun shige. Ya dafa kafaɗar Baba, da fara'arsa, da ƙarfin muryarsa.

"Kaka, kai ma zagaya ta kicin ka shiga, kar a buɗe nan tukuna."

Mutanen ɓangarenmu duk suka juyo suna kallon Baba. Genowefa ta yi alamar gicciye. 'Yan birni na ta hira, ba su san an yi komai ba. Na ga Baba ya juya kai ya kalli hanyar gefe, inda dakalin yake, daga nan ya kalli layin bishiyoyin da ke komawa gida. Na ce shi ke nan, burodi ya tafi wajen shanu. Motar amarya kuwa har an fara jin hon ɗinta ta bayan tafki.

Pan Ksawery ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Lucyna, riƙe."

Ya miƙo mini farantin. Ya hau matakalar ɗaya bayan ɗaya, da gwiwarsa mai ciwo. Mai hoto na cewa ai tana cijewa, sun gwada ɗazu da ƙyar ta buɗu. Baba ya kama mariƙin, ya ɗan ɗaga shi sama, ya sa gwiwa ya tura, kamar yadda yake yi kullum da bokitin madara a ɗaya hannun. Ƙofar ta buɗe ba ko ƙara. Ya tsaya a bakinta ɗan lokaci, hannunsa ya tafi ga hula zai cire, sai ya fasa, ya bar ta a kansa. Ya shiga. Ya juyo ya ce, "Kawo burodin, ke kuma kin tsaya kamar an dasa ki." Na hau na bi shi, ya mai da ƙofar ya rufe.

Daga ciki muna jin ihu da kiɗa, mota ta tsaya. Baba ya karɓi farantin, ya riƙe shi a karkace har gishiri na zuba. Na ce in karɓa, ya harare ni. Aka ƙwanƙwasa. Ya ce wa uban Tymon ya ja gefe ɗaya, ni na ja ɗayan.

Ga Pola a kan matakala cikin farar riga, rana a bayanta. An yi yayyafi da safe, gefen rigar da takalminta duk sun kwashi laka a wajen masu igiya. Ni aka ba tambayar al'ada, tunda ni ce a matsayin uwa. Na ce, "Amarya, me kika zaɓa, burodi, gishiri, ko ango?" Ta ce, "Burodi da gishiri, da angon da zai nemo su." Aka yi shewa. Suka gutsuri burodin suka dangwali gishiri suka ci, Tymon ya yamutsa fuska.

Saura shiga. Pola ta dubi katakon ɗakin da aka goge yana sheƙi, ta dubi takalminta, ta ja baya kaɗan tana neman abin goge ƙafa.

Baba ya ce, "Apolonia."

Ta ɗago a firgice, don ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ni ma ban taɓa ji ba.

"Shigo," ya ce. "Kar ki goge ƙafa."

Ta shigo da lakarta, sawu bayan sawu har tsakiyar ɗaki. Pani Marzena ta raɗa mini cewa a kira mai shara. Na ce mata duk wanda ya taɓa lakar nan sai na karya masa hannu, ina faɗa ina share ido da gefen mayafin burodi.